Nasara a Kotu, Asara a Kasuwa: Nazari kan Shari'o'in Musayar Waƙoƙi da Ƙarfin Manyan Kamfanonin Faifai

A ranar 8 ga Satumba, 2003, ƙungiyar kamfanonin faifan waƙa ta Amurka, wadda aka fi sani da RIAA, ta maka mutum 261 a kotu rana guda. Waɗannan mutane ba su da injin buga faifan jabu, ba su da shago, ba su sayar wa kowa komai ba. Abin da ake tuhumarsu da shi shi ne sun bar waƙoƙin da ke cikin kwamfutocinsu a buɗe, duk wanda ya so ya kwafa ta intanet. Daga wannan rana zuwa Disambar 2008, lokacin da ƙungiyar ta ce ta dakatar da shirin, mutum kusan 35,000 aka ɗauki matakin shari'a a kansu. Kamfanonin sun kuma ci kusan duk wata babbar shari'a da suka yi da masu manhajojin musaya: Napster, Grokster, Kazaa, LimeWire, duk sun durƙusa. Amma a daidai wannan zamani, cinikin waƙa a Amurka ya faɗo daga dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa kimanin biliyan 7 a 2014.

Wanda ya ci shari'a sau da yawa haka, kuma rabin kasuwarsa ya tafi, lallai abin da ya kai ƙara a kai daban yake da abin da ya ɓace masa. Hujjar da nake son kafawa ita ce, ƙarfin waɗannan kamfanoni ya tsaya ne a kan riƙe hanyar da waƙa ke bi daga bakin mawaƙi zuwa kunnen mai sauraro. Haƙƙin mallaka kotu na iya tsare shi, ta kuwa tsare. Hanya kuma da ta kuɓuce, babu alƙalin da zai iya dawo da ita.

Sai an san yadda harkar take kafin intanet za a gane girman abin da ya faru. Har zuwa 1998, kamfanoni shida ne ke riƙe da mafi yawan cinikin faifai a duniya: Warner, EMI, Sony, BMG, Universal da PolyGram. A wannan shekara Seagram, mai Universal, ya sayi PolyGram, suka koma biyar. Mawaƙin da ke son duniya ta ji shi ba shi da makawa sai ta hannunsu, domin ɗaukar waƙa a situdiyo mai kyau na cin kuɗi mai yawa, masana'antar buga faifai tasu ce, su ke da motocin rabawa da alaƙa da manyan shaguna, su ne kuma gidajen rediyo ke saurare. Kwantiragin da aka saba shi ne a ba mawaƙi kafin alƙalami, a cire shi daga ɗan kason da yake samu a kowane faifai, sannan asalin ɗaukar waƙar ya zama mallakar kamfani. Mawaƙi zai iya biyan bashin gaba ɗaya daga kasonsa, waƙar kuma ba ta zama tasa ba. Wannan ne ya sa Prince ya riƙa rubuta kalmar bawa a kumatunsa a shekarun 1990 lokacin rigimarsa da Warner, kuma ƙungiyar TLC ta bayyana karayar arziki a 1995 alhali faifanta na tashe.

Faifan CD ya ƙara musu ƙiba. Buga shi ba tsada, amma ana sayar da shi dala 15 zuwa 18, mutane kuma suka sake sayen waƙoƙin da suke da su a garmaho da kaset. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin suka riƙa janye faifan waƙa ɗaya daga kasuwa, ta yadda mai son waƙa guda dole ya sayi albam mai waƙa goma sha biyu. Kamar mai hatsi ne ya ce ba ya auna mudu, sai dai ka ɗauki buhu. A watan Mayun 2000, hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, ta ce tsarin da kamfanonin biyar suka bi na hana shaguna tallata farashi mai rahusa ya sa masu saye sun biya ƙarin kusan dala miliyan 480 cikin shekara uku. Wannan batu yana da muhimmanci, domin shi ya sa daga baya da kamfanonin suka fito suna kukan an yi musu sata, matasa da yawa ba su ji tausayinsu ba.

Fasahar MP3, wadda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarta, ta matse waƙa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta a CD ba tare da kunnen yawancin mutane ya ji bambanci ba. Sai a Yunin 1999 wani ɗalibi a Jami'ar Northeastern da ke Boston, Shawn Fanning, ya fitar da Napster. Dabarar mai sauƙi ce. Waƙoƙin na zaune a kwamfutocin jama'a, kamfanin kuma yana riƙe da jerin sunayensu da inda kowace take. Ka rubuta sunan waƙa, a haɗa ka da wanda yake da ita, ka sauke. Miliyoyin mutane suka shiga cikin ƙanƙanin lokaci, musamman ɗaliban jami'a masu intanet mai sauri a ɗakunan kwanansu. Bayan kyauta, sun samu wani abu da babu shagon da ya taɓa ba su: tsofaffin waƙoƙin da aka daina bugawa, da waɗanda aka ɗauka a wajen wasa, da na wasu ƙasashe, duk a wuri ɗaya.

RIAA ta shigar da ƙara a Disambar 1999. A Afrilun 2000 ƙungiyar Metallica ta bi sahu, har makaɗinta Lars Ulrich ya kai wa kamfanin sunayen masu amfani da manhajar fiye da 300,000 yana neman a kore su. Mai shari'a Marilyn Hall Patel ta ba da umarnin dakatarwa a Yulin 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan mafi yawan hukuncin a Fabrairun 2001, Napster ya rufe a Yulin wannan shekara. Jerin sunayen waƙoƙin nan da ke hannunsa shi ya kashe shi, domin kotu ta ce wanda ya san abin da ake yi da kayansa, kuma yake da ikon hanawa, ba zai ce ba ruwansa ba.

A nan ne, a ganina, aka yi babban kuskure. A lokacin masu son waƙa suna tattare a wuri ɗaya, a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai adireshi, wanda kuma yake neman sulhu. Bertelsmann, uwar kamfanin BMG, ta ga haka, ta ba Napster rance a 2000 da niyyar mayar da shi dandalin biyan kuɗin wata-wata. A Fabrairun 2001 Napster ya yi tayin biyan dala biliyan ɗaya cikin shekara biyar, kamfanonin suka ƙi. Maimakon haka suka buɗe nasu dandalin guda biyu, Pressplay na Universal da Sony, da MusicNet na sauran ukun. Kowane yana da ɓangaren waƙoƙin ne kawai, ga sharuɗɗa kan yawan abin da za ka kwafa, waƙar da ka sauke kuma ta daina yi ranar da ka daina biya. Jama'a ba su je ba.

Inda suka je shi ne Kazaa, Morpheus, Grokster da LimeWire, waɗanda aka gina su ba tare da cibiya guda mai riƙe jerin sunaye ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A Afrilun 2003 wani alƙalin tarayya a Los Angeles, Stephen Wilson, ya yanke cewa Grokster da StreamCast, mai Morpheus, ba su da alhakin abin da mutane ke yi da manhajarsu. Ya dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 1984 kan na'urar bidiyo ta Betamax, wanda ya ce ba a kama mai ƙera na'ura da laifi muddin na'urar na da amfani mai yawa na halal. Wannan hukunci na Wilson shi ya tura kamfanonin kan ɗaiɗaikun mutane. Wata biyar bayansa aka shigar da ƙararrakin nan 261.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ba mai ƙara damar neman diyyar da doka ta ƙayyade ba tare da ya nuna asarar da ya yi ba: daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowace waƙa, har zuwa 150,000 idan da gangan aka yi.  Da aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan ɗalibi mai waƙa dubu a kwamfutarsa, mafi ƙarancin abin da za a iya binsa ya zama dala 750,000. Saboda haka idan wasiƙa ta zo tana cewa ka biya dala dubu uku ko huɗu a rufe magana, kusan kowa biya yake yi, mai laifi da marar laifi, tunda kuɗin lauya kaɗai ya fi haka. Cikin dubban nan, ƙararraki biyu kacal suka kai gaban masu taimaka wa alƙali yanke hukunci. Ma'ana, hujjojin kamfanonin ba su sha gwaji ba sai nadiran.

Hujjojin kuwa suna da rauni. Masu bincike na ganin lambar da layin intanet ke amfani da ita ne, ba mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ba. Bayan kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta hana RIAA karɓar sunaye kai tsaye daga kamfanin intanet na Verizon a Disambar 2003, sai ta koma shigar da ƙarar lambobi, daga baya a nemo masu su. Tun kafin haka ma an kai ƙarar yarinya 'yar shekara 12 a birnin New York, mahaifiyarta ta biya dala 2,000. Aka tuhumi wata tsohuwa a Massachusetts da raba waƙoƙin rap ta Kazaa, alhali irin kwamfutarta ba ta ma ɗaukar manhajar a lokacin, sai aka janye. A 2005 aka kai ƙarar wata mata mai shekara 83 a West Virginia wadda ta riga ta rasu.

Shari'ar da ta fi fito da matsalar fili ita ce ta wata uwa mai 'ya'ya a jihar Minnesota, kan waƙa 24. A Oktoban 2007 aka yanke mata dala 222,000. Alƙalin, Michael Davis, ya soke hukuncin saboda kuskure a bayanin da ya yi wa masu taimaka masa, aka sake zama a Yunin 2009, adadin ya tashi zuwa dala miliyan 1.92, wato 80,000 kan kowace waƙar da a lokacin ake sayarwa kusan dala ɗaya. Davis ya rage zuwa 54,000. Zama na uku a Nuwambar 2010 ya ce miliyan 1.5, ya sake ragewa, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da 222,000 a 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar a 2013. Ba na cewa matar ba ta da laifi, zama uku duk sun same ta da shi. Amma dokar da za ta sa wa aiki ɗaya farashi huɗu, daga dubu 54 zuwa kusan miliyan biyu, ta nuna ba ta da ma'aunin wannan laifi. A Boston ma wani ɗalibi ya sha hukuncin dala 675,000 kan waƙa 30 a 2009. Mutanen da aka ɗora wa wannan nauyi ba su ne suka ƙirƙiro fasahar ba, ba su kuma ci ribarta ba. An zaɓe su ne don saura su ji tsoro, kuma wannan zalunci ne ko da doka ta halatta shi.

Ko tsoron ya yi aiki? Shirin bai kawo riba ba, wata babbar lauyar Sony BMG ta faɗa da bakinta a zaman 2007 cewa asara suke yi a kansa. Ya dai sa jama'a sun san cewa musayar ta saɓa doka, wannan gaskiya ne. Amma musayar ta ci gaba, ta koma BitTorrent da rumbunan ajiya na intanet. Kotun Ƙoli ta ba kamfanonin gaskiya a kan Grokster a Yunin 2005 baki ɗaya, bisa dalilin cewa ya zuga mutane su keta haƙƙi. Kazaa ya biya dala miliyan 100 a 2006, LimeWire ya rufe a 2010 ya biya miliyan 105, a Suwidin aka yanke wa mutum huɗu na shafin musaya na The Pirate Bay ɗaurin shekara guda a 2009. Duk tsawon wannan lokaci ciniki ƙasa yake yi.

Masana tattalin arziki ma sun saɓa kan yawan ɓarnar da musayar ta yi. Felix Oberholzer-Gee da Koleman Strumpf, a binciken da suka buga a 2007, sun ce ba su ga tasirin da za a iya aunawa ba a kan cinikin albam. Stan Liebowitz na Jami'ar Texas a Dallas ya soki hanyar da suka bi, yana ganin musayar ce ta jawo mafi yawan faɗuwar. Hankali ya fi karkata ga cewa ɓarnar ta auku, domin ba zai yiwu miliyoyin mutane su samu kaya kyauta a ce ciniki bai ji ba. Sai dai lissafin da ke ɗaukar kowace waƙar da aka sauke a matsayin faifan da aka rasa sayarwa ba daidai ba ne, tunda yaron da ya sauke waƙa dubu biyu bai taɓa mallakar kuɗin sayen ko da rubu'insu ba. Kuma akwai wani dalilin faɗuwar wanda ba shi da alaƙa da sata ko kaɗan.

Wannan dalili Apple ne. A ranar 28 ga Afrilu, 2003, Steve Jobs ya buɗe shagon iTunes da waƙa 200,000 daga dukkan kamfanonin biyar, kowace santi 99. An sayar da miliyan ɗaya a makon farko. Kamfanonin sun amince ne saboda ruwa ya kai musu wuya, kuma da wannan amincewa suka miƙa abu biyu da suka fi komai daraja a wurinsu. Na farko albam: yanzu mai son waƙa ɗaya zai biya dala ɗaya ya tafi, ba goma sha biyar ba, kuma halal ne. Na biyu ikon sa farashi, wanda ya koma hannun kamfanin da a lokacin ribarsa ta gaske ke cikin sayar da na'urar iPod. Makullin hana kwafi da suka dage a sa wa waƙoƙin ya ƙara ɗaure su, domin ya sa abin da aka saya a iTunes ba ya yi a na'urar kowa sai ta Apple. Tower Records, babban shagon faifai, ya rushe a 2006. A 2008 iTunes ya wuce Walmart ya zama na ɗaya a cinikin waƙa a Amurka.

Daga nan manyan suka riƙa raguwa. Sony da BMG suka haɗe a 2004. EMI, gidan The Beatles, ya faɗa hannun kamfanin zuba jari na Terra Firma a 2007 da bashi mai nauyi, bankin Citigroup ya ƙwace shi a Fabrairun 2011, aka yanka shi biyu, Universal ya ɗauki ɓangaren faifai a 2012. Saura uku. Manyan mawaƙa ma suka fara gwada ƙafarsu. A Oktoban 2007 Radiohead, bayan ƙarewar kwantiraginsu da EMI, suka saki albam ɗinsu In Rainbows a shafinsu, kowa ya biya abin da ya ga dama. A watan nan dai Madonna ta bar Warner ta koma Live Nation, kamfanin shirya wasanni.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan lamari, ko da yake ta wata ƙofa ya shigo mana. Manyan kamfanoni irin su EMI da PolyGram sun riga sun janye daga Nijeriya tun kafin intanet, kwafin kaset na cikin abin da ya kore su. Da zamanin waya ya zo, masu turi a kasuwanni irin su Farm Centre suka zama su ne hanyar, suna zuba waƙoƙi a memori da kuɗi kaɗan. Mawaƙi ya koma neman abincinsa a biki da taro da waƙar siyasa, waƙar da aka ɗauka kuma ta zama talla. Duk wanda ke riƙe da hanyar isa ga kunnen jama'a shi ke da ta cewa, a nan ma haka abin ya kasance ba tare da an je kotu ba.

To amma duk wanda ya yi wa manyan kamfanonin jana'iza a 2010 ya yi gaggawa. Abin da ya rage wa musayar ƙarfi a ƙarshe shi ne abin da ya fi ta sauƙi. Spotify ya fara aiki a Oktoban 2008 a Suwidin, ƙasar The Pirate Bay, ya shiga Amurka a Yulin 2011. Tsarinsa shi ne abin da Napster ya nema tun 2001: kusan duk waƙoƙin duniya a wuri ɗaya da kuɗin wata-wata. Irin wannan dandali ba zai rayu ba in babu tsofaffin waƙoƙi, su kuwa suna rumbun kamfanoni uku, albarkacin kwantiragin nan da suka mallake asalin ɗauka shekara da shekaru. Saboda haka suka gindaya sharaɗi, suka karɓi kuɗi tun gaba da hannun jari. Warner kaɗai ya sayar da nasa jarin a kan dala miliyan 504 a 2018. A 2023 cinikin Amurka ya kai dala biliyan 17.1, kashi 84 cikin ɗari daga sauraro ta intanet. Universal ya shiga kasuwar hannun jari ta Amsterdam a 2021, a 2024 kuma ya sanar da sayen mafi rinjayen kason kamfanin waƙa na Mavin a Legas.

Kuɗi sun dawo, amma a duba da kyau. Dala biliyan 14.6 ta 1999 ta haura biliyan 26 a kuɗin 2023, don haka kasuwar ba ta koma inda take ba. Mafi muhimmanci, irin ƙarfin ya canja. A da su ke zaɓar wanda za a ji. Yanzu matashi na ɗaukar waƙa a ɗakinsa, ya biya DistroKid ko TuneCore kuɗi kaɗan a ɗora masa ita a ko'ina, in ta yi tashe a TikTok ko YouTube sannan kamfani ya zo nemansa, a lokacin da yake da bakin ciniki. Alƙaluman Spotify da kansa sun nuna kason manyan ukun tare da gamayyar Merlin ta ƙananan kamfanoni ya sauka daga kashi 87 na abin da ake saurare a 2017 zuwa 74 a 2023. Da Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok a Fabrairun 2024, TikTok bai tsaya ba, aka sasanta a Mayu. Suna da rumbu, suna karɓar haya a kansa, amma ƙofar kasuwa da bayanan masu sauraro suna hannun kamfanonin fasaha.

Sun kuma koyi wanda za su kai ƙara. Sun bar mai sauraro sun koma kan masu aljihu: kamfanin intanet na Cox, wanda aka yanke wa diyyar dala biliyan ɗaya a 2019 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024, sai Suno da Udio, masu haɗa waƙa da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda aka maka a Yunin 2024.

Saura mawaƙi, wanda da sunansa aka yi duk wannan yaƙi. A 2008 manajojin mawaƙa da lauyoyinsu sun fito suna ƙorafin cewa ba su ga kasonsu ba daga ɗaruruwan miliyoyin da aka karɓa a sulhun Napster da Kazaa. Kamfanonin sun kuma riƙa lissafa waƙar da aka sauke a iTunes a matsayin faifan da aka sayar, mai ƙaramin kaso, alhali babu kuɗin bugawa ko na mota, har sai da masu shirya waƙoƙin Eminem na farko suka ci Universal a kotun ɗaukaka ƙara a 2010, inda aka ce lasisi ne, rabi da rabi ya kamata a raba. A Yulin 2021 kwamitin majalisar dokokin Birtaniya da ya binciki harkar sauraro ta intanet ya kammala da cewa mawaƙa da marubuta waƙa na samun kaso ƙanƙani ƙwarai, ya nemi a sake fasalin rabon tun daga tushe. Mawaƙan da suka sa hannu a kwantiragi a zamanin garmaho da kaset, da yawansu har yau da kason wancan zamani ake biyansu.